Bindigar da Ta Ƙi Harsashi na Biyu

A tashar Damagaram na tabbata na bar gida. Hausa ake yi ta ko'ina, amma ba irin tawa ba. In na yi magana sai a ce in maimaita, in na maimaita sai a kwashe da dariya a ce, "Ɗan Najeriya ne." Ni kuwa Sagiru, da na tashi a unguwar Dutse Uku a Jos ina gyaran injin niƙa da janareto, ban saba a yi mini dariya ba, don a layinmu ni ne mai yi wa mutane. Na rungumi jakar kayan aikina na nemi inuwa na zauna ina cika ina batsewa.

Ina zaune na ji wani a bayana yana faɗa da kwandasta.

"Mota ya cika tun safe, me ya sa ba ya tafiya? Mu kaya ne?"

Na juya ba shiri. Wani gajeren mutum ne kakkaura, ya fara furfura, ya goya zarto a naɗe cikin buhu, kuma a cikin wannan ranar da take narka mutum ya ɗaura rigar sanyi a ƙugu. Ban san wanda zai taho Nijar da rigar sanyi ba in ba mutumin garinmu ba.

Na ce, "Oga, daga Jos?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Gada Biyu. Kai fa?"

"Dutse Uku."

A gida, in aka faɗi unguwa an gama faɗin komai: addininka, inda kake sayen nama, hanyar da kake bi in gari ya ɗau zafi. Na yi shekaru ban taka lungun su ba, shi ma na san bai taka namu ba. Can sai ya zauna kusa da ni, ya kwance wata leda, ya fito da ragowar dafaffen dankalin turawa da matarsa ta zuba masa. Ya fara sauya wari. Ya miƙo mini ɗaya, na ci, kuma har yau ban ci dankalin da ya kai shi daɗi ba.

Sunansa Dung, kafinta ne a kasuwar Katako. An ce masa a Jado, can cikin sahara, ana neman masu tokare ramukan zinariya da katako. Ni kuma an ce mini wani kamfani a can yana neman mai gyaran janareto, har da ɗaki da fanka. Da na faɗa masa haka sai ya yi dariya har yana tari, ya ce daga yau sunana Injiniya.

A Agadas wani ɗan kamasho mai haƙorin Makka ya karɓe mu hannu biyu-biyu, ya kai mu wani gida mai katanga babu rufi, ya ce mota gobe. Gobe ta yi ya ce taya. Wata goben ya ce direba ya tafi biki. Muka share makonni a gidan nan muna bin inuwar katanga, da safe wannan gefen, da yamma wancan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wannan goben sarai, da ita nake cin abinci. Maigidana da ya koya mini aiki ya koya mini ita tun kafin ya koya mini riƙe sifana. In aiki ya zo kana da wani a hannu, ko kana son ka ja lokaci, to ka warware injin ka baza shi a kan tsumma. Ka zagi wanda ya taɓa shi kafin kai. Ka ce sai an sayo wani abu daga Kano. Mai shi ba zai iya kwasar ƙarafa a warwatse ya tafi da su ba, dole ya dawo gobe. Da na ba Dung wannan labarin sai ya ce ai kafintoci ma haka suke yi, bambancin kawai su ruwan sama suke ɗora wa laifi.

Wata tsohuwa mai fura ce ta riƙe mu a garin nan. Kullum in ta zuba sai ta ƙara mana ludayi, ba ta taɓa tambayar waye Musulmi waye Kirista ba, 'ya'yana kawai take ce mana. Ban san sunanta ba. Allah ya saka mata.

A gidan nan ne wata rana da la'asar Dung ya tambaye ni, "Injiniya, mene ne sunan babanka?"

"Malam Hudu. Me ya faru?"

"Nawa Pam. Ka riƙe."

Na san dalilin tambayar, duk ɗan Jos ya sani, amma na bar shi ya ba ni nasa labarin. Ya ce a wani rikici na can baya, gari ya rikice yana cikin Katako, bai samu ya fita ba. Ya sha kwana sai ya yi kiciɓis da taron matasa. Gudu ba zai yi amfani ba. A cikinsu ya hango wani mai sayar da katako da suka daɗe suna ciniki. Sai ya ɗaga hannuwansa biyu, ya nufe su kai tsaye, ya ƙwala wa mutumin kira da sunansa da na ubansa da unguwarsu, sannan ya faɗi nasa.

"Ya amsa?"

"Dole ya amsa mana. An kira babanka a gaban mutane, za ka yi shiru? Shi ya riƙe hannuna har titi."

Haka ne. Mahaifiyata ma da haka ta tsira wata shekara, a hannun wata nas da suka taɓa zaman haya gida ɗaya. Ba a rubuta wannan ƙa'idar a ko'ina ba, amma a garinmu wanda yake da sanayya a ɗaya ɓangaren shi ke shiga gaba ya kira suna, kuma kunya ba ta barin wanda aka kira ya juya baya.

Da motar ta zo, ta kaya ce, aka loda mu a kan buhuna. Jarkokin ruwan da ɗan kamashon ya sayar mana kuwa, ashe rabinsu yoyo suke yi. Ba zan iya ba da labarin saharar nan yadda take ba. Da rana ka ji kamar an kifa maka tukunya mai zafi, da asuba kuma sanyi ya shiga ƙashi. Ni da na yi wa Dung tsiya a kan rigarsa, sai ga ni ina karkarwa, shi kuma ya tuɓe ya jefo mini, muka riƙa karɓa-karɓa. Na yi kewar gida har na ji ciwo a ƙirji. Ba ma mutane ba, duwatsun na yi kewa, da ciyawa, da yadda hadari ke haɗuwa da azahar ya zubo da ƙanƙara. Dung ya ce shi warin jiƙaƙƙen garin katako yake mafarki.

Kafin mu kai garin Dirku motar ta mutu. Direba da yaransa suka yi ta fama har rana ta take, ruwa kuma yana ƙarewa. Na sauko da jakata na shiga ƙarƙashi, kafin la'asar ta tashi. Mutane suka yi ta sa mini albarka, har na ɗan ji kaina ya yi girma. Da na san inda wannan gyaran zai kai sunana, da na bar direban ya ci yabon.

A Jado babu kamfani, babu ɗaki, babu fanka. Tantuna ne da ramuka da ƙarar injin fasa dutse. Labarin gyaran motar ya riga ni isa kunnen wani mai suna Mamman, ana ce masa Mamman Mai Rami saboda yawan ramukansa da mutanen da suke masa haƙa. Shi ya ɗauke ni in kula da injinansa. Dung kuma wasu talakawa da suka haɗa ƙarfi suna haƙa rami ɗaya a bayan wani tudu suka ɗauke shi, don raminsu yana zubewa. Zabarmawa ne da 'yan Sudan da 'yan ƙasarmu kaɗan. Ba a daɗe ba na gane yadda wurin yake. Ba a ɗaure kowa da igiya, amma babu motar da za ta ɗauki mutumin Mamman ba da izininsa ba, ruwa kuma daga hannunsa yake fitowa.

Ni da Dung muna haɗuwa ne ranar da tankar ruwa ta zo. Direbanta wani Buzu ne mai suna Agali, ba ya son magana, amma yakan bar mu mu zauna a inuwar motarsa, wani lokacin har ya zuba mana shayi. A nan muke zagin abincin wurin, muna lissafa abin da za mu fara ci in mun koma. Dung yana da 'ya ɗaya, Lyop, tana son karatun nas. Ita ce ta kawo shi sahara da furfurarsa.

Watanni suka shuɗe haka. Sai ramin su Dung ya faɗa kan zinariya. Ba a iya ɓoye irin wannan a Jado, don fuskar mutane ma tana faɗa. Mamman ya aika musu cewa jijiyar zinariyar daga ƙarƙashin filinsa ta taso, su tashi. Suka ce ba za su tashi ba.

Bayan kwana kaɗan ya kira ni tantinsa da hantsi. Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin katifa ya zare abin da ke ciki ya ajiye a gabana. Bindiga ce ƙirar gida, doguwa, da ƙotar maɗaci, irin wadda in ka harba ita da kanta take ɗauko harsashi na gaba. Na san irin wannan waldar, na san irin wannan gogen. Kafin in bar gida an sha zuwa shagona da irin wannan buhun, a tsaya ana waige-waige, a ce akwai ɗan aiki. Kullum cewa nake injina ba ya yi. Yana daga cikin abin da ya sa na ji garin ya ishe ni. Ga shi na ƙetare sahara, ta biyo ni.

Ya ce, "Daga wajenku aka kawo mini ita. Na farko yana tashi lafiya lau. Na biyu sai ya taso a karkace ya cije, sai an sa hannu an zaro shi. In na je wa mutanen can da harsashi ɗaya, ai cinye ni za su yi. Ka gyara mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni mai janareto ne."

"Ƙarfe ƙarfe ne. Wanda ya tayar da mota a sahara ba zai ce mini wannan ta gagare shi ba."

Na ɗauka na juya ta, na ja na saki, na sake ja. Kafin shayin da aka zuba mini ya huce na ga ciwonta. Ba zan rubuta shi a nan ba, masu ƙera irinta a garinmu sun isa haka. Abin da zan ce kawai, aikin bai kai na tsakanin azahar da la'asar ba. Kuma na san in na yi shi, mutanen da ke bakin ramin can, har da Dung, babu wanda zai kai labari.

Sai na shimfiɗa tsumma.

Na warware ta ɗaya bayan ɗaya na jera, na yi tsaki, na girgiza kai, na zagi wanda ya ƙera ta har kakansa. Na ce yashi ne ya cika ta, sai an wanke an shanya. Wannan ya ci mana kwanaki. Da na haɗa, Mamman ya fita bayan tanti ya auna wani tsohon duro. Na farko ya tashi, na biyu ya cije. Na ce to ai ga shi, harsasan ne ba iri ɗaya ba, an haɗa masa gambiza, sai a nemo wasu. Aka aika Dirku. Muka jira. Da suka zo aka gwada, ta sake cijewa. Na dafe kai na ce lallai sifirin ne ya gaji, kuma irinsa sai Agadas.

Mamman ba wawa ba ne. Duk lokacin da zan taɓa ta yana zaune a kaina, duk lokacin da na haɗa sai ya gwada da hannunsa. Ranar da na kawo zancen Agadas ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Saurara, makaniki. Yadda na ba ka ita tana tashi sau ɗaya. Ranar da na farkon ya ƙi tashi, na san hannunka ne. Zan sa a kai ka bayan duwatsun can a ajiye, ba jarka."

Na san zai aikata. An taɓa nuna mini inda aka tsinci gawar wani.

Akwai wata wahala da ban zata ba, wadda sai mai sana'a zai gane. Hannuna ƙaiƙayi yake yi. Tun ina yaro ban taɓa ganin ciwon ƙarfe na ƙyale shi ba. Kullum ga shi a gabana ƙuru-ƙuru, yatsuna suna kai kansu wurin, sai in janye su in kama goge wani abin da ba ruwansa. Na tsani bindigar nan, na tsani wanda ya ƙera ta da bai iya aikinsa ba, kuma kullum ina gode wa Allah da bai iya ba.

Ranar tanka na ja Dung bayan motar Agali na faɗa masa komai. Na ce su tashi, su bar ramin, goben da nake yi ta kusa ƙarewa.

Ya zauna a kan taya yana murza gwiwarsa. "Mu tashi mu je ina, Injiniya? Mutanen nan wata nawa suna cin ƙasa. Akwai wanda ya sayar da gonan babansa ya zo. Yanzu da Allah ya buɗe, in ce musu su bari?"

"To kai ka tashi. Ka bi Agali."

"In na tafi rami zai rufta a kansu. Ni ne na san wane katako yana riƙe wane." Ya dafa kafaɗata. "Kuma ai kana wurin."

Na ce, "Oga Dung, ba ni ke riƙe da bindigar ba."

Ya yi dariya ya ce in daina ɗaure fuska kamar wanda aka hana kuɗin gyara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tashi na tafi ko sallama ban yi masa ba.

Sifirin bai zo daga Agadas ba, don wanda aka aika ya bi wata motar ya yi gaba abinsa. Mamman ya rage mini ruwa. Leɓena ya tsage, fitsarina ya koma kamar shayi. Na ci gaba da cewa gobe. Wata safiya bayan rana ta fito ya shigo inda nake, ya ɗauke ni da mari, ya ce in haɗa ta yanzu, yadda take. Na haɗa. Ya fita ya gwada a duro, ta tashi, ta cije, ya sa na zaro, ya sake ɗana ta.

Ya ce, "Ɗaya ya isa su san ba wasa nake ba. Kai kuma ka biyo ni. In ta cije ka zare mini."

Muka hau tudun, shi a gaba, ni a gefensa, mutanensa a baya da shebur da diga. Ina tafiya ina gaya wa kaina sama zai harba, tsoro kawai yake son ba su. Mutanen ramin sun hango mu, sun taru a bakinsa, su ma kowa da abin da ya samu a hannu. Muka tsaya, suka tsaya.

Sai na ga Dung ya fito daga ramin, fari fat da ƙura, gudumarsa a soke a ƙugu. Ya dubi taronmu har idonsa ya sauka a kaina. Na san abin da zai yi tun kafin ya yi. Ya ture na gabansa, ya ɗaga hannuwansa biyu sama, ya nufo mu kai tsaye yana ɗaga murya.

"Sagiru! Sagiru ɗan Malam Hudu na Dutse Uku! Ni ne Dung Pam na Gada Biyu!"

Bakina da kansa ya ce, "Na'am!" Ƙafata da kanta ta taka gaba.

Amma Mamman bai taɓa zama a Jos ba. Bai san Malam Hudu ba, bai san abin da ake nufi da ɗaga hannu a kira uban mutum ba. Abin da ya gani kawai wani ƙato ne yana nufo shi yana ihu da guduma a ƙugu. Ya harba.

Dung ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji. Mamman ya juya bakin bindigar kan sauran ya ja kunama, ta cije. Ya sake ja, shiru. Ya cusa mini ita a ƙirji yana cewa, "Zare! Zare mini!" Na karɓa. A gefenmu akwai wani tsohon rami da aka daina haƙa, mai zurfin gaske. Na sake ta a ciki. Ban ma ji faɗuwarta ba, saboda ihun mutanen da suka taso mana. Mutanen Mamman suka zubar da shebur suka watse, shi ma ya bi su, kuma daga ranar ban sake ganinsa ba.

Na durƙusa a kan Dung. Harsashin a ciki ya same shi. Na tuɓe rigata na danna, jinin yana bi ta tsakanin yatsuna. Aka ɗauke shi aka kai inuwar tanti. Babu likita a Jado, kuma babu motar da za ta kai shi Dirku da rai.

Ya buɗe ido ya ce, "Ka amsa ai."

"Na amsa."

"Na biyu fa? Bindiga ya cije?"

"Ta cije."

Ya yi ƙoƙarin dariya, abin ya zame masa tari. "Kai, Injiniya. Kai mugun makaniki ne."

Bai kai azahar ba.

Duk wurin babu Kirista sai shi. Mutanen ramin suka tsaya cirko-cirko, kowa ya san ransa ne aka saya da na mutumin nan, amma ba wanda ya san yadda ake yi wa Kirista jana'iza. Ni ma ban sani ba. Shekara da shekaru ina jin waƙoƙinsu ta bayan katanga, ban riƙe ko ɗaya ba. Muka haƙa masa kabari a gindin tudun. Na ɗauko guntayen katakonsa biyu, na gicciya su, na buga ƙusa da gudumarsa, na kafa a wajen kansa. Wani ya fara gunaguni, wani dattijo ɗan Sudan ya daka masa tsawa, ya zo ya taya ni tara duwatsu a gindin don kada iska ta kayar. Na tsaya a kansa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu.

Mutanen ramin suka ɓoye ni har ranar tanka. Agali ya dube ni, ya dubi rigar sanyin da ke hannuna, ya buɗe mini ƙofar gaba. Har Agadas bai tambaye ni komai ba, bai kuma karɓi komai ba. Da zan sauka ya cika mini jarka, ya ce, "Abokinka mutum ne." Iyakar maganar da ya yi ke nan.

A wayar Dung, da na taho da ita, akwai lambar matarsa. A Agadas na ciro in kira ta, a Damagaram na sake cirowa, a Kano ma haka. Na kasa. Ba maganar waya ba ce.

Na iso Jos ana yayyafi. Na kwana ɗaya a gida, washegari da hantsi na sa jakar a kafaɗa na hau keke mai ƙafa uku zuwa Gada Biyu. Mahaifiyata ta ce in cire hulata kada a gane ni Musulmi ne, na ce a'a. Mai keken ya sauke ni a bakin titi ya ce iyakarsa nan. Dung ya sha kwatanta mini gidan: ka wuce mai niƙa, ka gangara, ƙofa mai shuɗin fenti da shi ya ƙera da hannunsa. Na shiga lungun. Wasu matasa da ke zaune a kan benci suka bi hulata da jakata da kallo. Ɗaya ya miƙe, wani ma ya miƙe, suka tare hanya.

"Malam, wa kake nema? Me ke cikin jaka?"

Na hango shuɗiyar ƙofar a bayansu. Na ɗaga hannuwana biyu sama, na ci gaba da tafiya, na ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Maman Lyop! Maman Lyop matar Dung Pam! Ni ne Sagiru ɗan Malam Hudu na Dutse Uku!"

Daga cikin gidan aka ce, "Na'am!"

Matasan suka dare suka ba ni hanya. Ta fito tana goge hannu da zani, fuskarta cike da fara'a.

"Kai ne Injiniya! Ya ba ni labarinka a waya tun kuna Agadas. Sannu da zuwa, sannu da hanya!"

Sai ta leƙa ta bayan kafaɗata tana duban lungun. Na sauke hannuwana, na buɗe jakar, na fito da rigar sanyin da gudumar. Ta daɗe tana duban hanya kafin ta dubi abin da ke hannuna.